Ƙararrawar Gargaɗi a Gidan da Ake Hura Wuta: Wacce Za a Saya, Ina Za a Kafa Ta?

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna da asuba a watan Janairu zai ga Dutsen Zuma lulluɓe da hazo, zai kuma ga hayaƙin murhu yana tashi daga gidajen Madalla da sauran unguwannin da ke kewaye da Suleja. A bakin hanya kuwa buhunan gawayi da ƙullin itace suna jere, masu saye suna tsayawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar rayuwa ta ƙaru, farashin gas na girki ya haura naira 1,000 kowane kilo a shekara ta 2024, kananzir kuma ya fi ƙarfin talaka. Saboda haka iyalai da yawa waɗanda suka daɗe da barin itace sun koma ga murhu da kurfoti, kamar yadda aka koma ga murhun Abacha a shekarun 1990.

Bambancin shi ne, gidajen yanzu ba irin na dā ba ne. Iyaye da kakanni suna hura wutarsu a tsakar gida ko a ɗakin da iska take ratsawa ta ƙarƙashin jinka. Ma'aikacin da yake haya a Madalla yana zuwa aiki Abuja, ɗakinsa na bulo ne, da silin, da tagar gilashi mai ƙarafuna, da katifar soso, da labule. A irin wannan ɗaki wuta tana da haɗarin da ba ta da shi a bukka. Manufar wannan darasi ita ce iyali su san irin na'urorin da suke farkar da mutum kafin haɗari ya ci ƙarfinsa, su san wacce ta dace da wane ɗaki, su kuma san iyakar abin da na'ura za ta iya yi.

Haɗari biyu daga murhu ɗaya

Haɗari na farko sananne ne, wato gobara. Tartsatsi ya fāɗa kan tabarma, ko zane da aka shanya kusa da murhu ya kama, ko garwashin da aka zaci ya mutu ya farfaɗo cikin dare sa'ad da iskar hunturu ta taso. A lokacin hunturu kome ya bushe, wuta ba ta ɓata lokaci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yawancin waɗanda suke mutuwa a gobarar gida hayaƙi ne yake kashe su kafin harshen wuta ya kai gare su. Hanci kuwa ba abin dogara ba ne ga mai barci, gama wari ba ya cika farkar da mutum. Kayan ɗaki na zamani, irin su soso da roba da leda, suna cin wuta da sauri, suna kuma fitar da baƙin hayaƙi mai guba. Masana kashe gobara suna koyar da cewa mutanen gida suna iya samun minti 2 ko 3 kacal na fita.

Haɗari na biyu ba a ganinsa. Duk abin da aka ƙone inda iska ba ta wadata ba, ko itace ne, ko gawayi, ko kananzir, ko gas, ko fetur, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ake rubutawa CO a taƙaice. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. In ta shiga huhu sai ta manne wa himoglobin, wato sinadarin da yake ɗaukar oksijin cikin jini, mannewar da ta fi ta oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Mutum yana numfashi, amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun rabonsu. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa, abin da kowa a wannan yanki zai ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Mai barci kuwa ba ya jin kome, daga barci yake zarcewa.

A nan ne gawayi ya fi itace yaudara. Hayaƙin itace yana shiga ido, ya tilasta a buɗe ƙofa. Gawayi kuwa in ya ruru ya yi ja, hayaƙinsa yana ɗaukewa, sai a ga kamar ya zama lafiyayye. Shi ya sa ake yawan cewa a bar shi ya kama sosai a waje tukuna, sa'an nan a shigar da shi ɗaki. Wannan kuskure ne mai kisa, domin jan garwashi yana ci gaba da fitar da guba har ya zama toka. Waɗanda aka fi shigar wa da kasko cikin dare kuwa su ne masu jego da jarirai da tsofaffi da marasa lafiya, wato waɗanda jikinsu ya fi rauni a gaban wannan guba. Mace mai ciki ma tana cikin haɗari na musamman, gama jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe gubar.

Tun da daɗewa mutane suka gane cewa dole a sami wani abu da zai ji gubar kafin ɗan adam. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masani ɗan Birtaniya, John Scott Haldane, ya ba da shawara mahaƙa kwal su riƙa shiga rami da ƙananan halittu waɗanda guba take kayarwa da wuri. Daga nan aka soma shiga da tsuntsun kanari cikin keji. In kanari ya faɗi, mahaƙa su fita. Sai a 1986 aka daina wannan a Birtaniya, na'ura ta gaji aikin tsuntsu. Ƙararrawar hayaƙi mai aiki da batir, irin ta gida, wani Ba'amurke mai suna Duane Pearsall ne ya ƙirƙiro ta a 1965.

Ƙararrawa iri uku

A ido duk kamanninsu ɗaya ne: farar roba mai faɗin ƙaramin faranti, da maɓalli a tsakiya. Amma aikinsu dabam dabam ne, ɗaya ba ta yin aikin ɗaya.

Ta farko ita ce ƙararrawar hayaƙi, ita ma iri biyu ce. Akwai mai aiki da haske, wadda a kwalinta ake rubuta Photoelectric ko Optical. A cikinta akwai ɗan haske da ido mai kallo. In hayaƙi ya shiga ya warwatsa hasken zuwa ga idon, sai ta yi kuka. Ta fi saurin jin wutar da take ci a hankali ba harshe, kamar garwashin da ya faɗa kan katifa ko kujerar soso. Akwai kuma wadda ake rubuta wa Ionization, mai ɗauke da ɗan ƙwayar sinadarin amerisiyam. Ta fi saurin jin wuta mai harshe, amma ɗan ƙaurin abinci ko hura wuta kaɗan yana sa ta ihu. Ga gidan da ake girki da itace ko gawayi, mai aiki da haske ta fi dacewa.

Ta biyu ita ce ƙararrawar zafi, wadda ake rubuta wa Heat Alarm. Ba ruwanta da hayaƙi ko tururi ko ƙura. Tana jira ne zafin iskar da ke kusa da ita ya kai wajen digiri 58 a ma'aunin Salshiyas, sa'an nan ta yi kuka. An yi ta ne domin kicin da duk inda hayaƙi ya zama abin yau da kullum. Rauninta shi ne jinkiri: kafin ta yi magana wuta ta riga ta kama. Saboda haka ba a dogara da ita a ɗakin kwana.

Ta uku ita ce ƙararrawar iskar guba, mai ɗauke da haruffan CO. Tana auna yawan gubar da kuma tsawon lokacin da ta yi a ɗaki. Ana ƙirga gubar da ma'aunin da ake rubutawa ppm, wato kashi nawa cikin kashi miliyan na iska. Bisa ƙa'idar Turai, in guba ta kai 50, dole na'urar ta yi kuka tsakanin minti 60 da 90. In ta kai 100, tsakanin minti 10 da 40. In ta kai 300, cikin minti 3. An tsara ta haka ne domin ta yi gargaɗi tun mutum yana da ƙarfin tashi ya buɗe ƙofa.

Abin da ya kamata kowane maigida ya riƙe shi ne wannan: ƙararrawar hayaƙi ba ta jin iskar guba, ƙararrawar iskar guba kuma ba ta jin gobara. Iyalin da suka kafa ta hayaƙi kaɗai suka kwana da kurfoti, na'urarsu za ta yi shiru har gari ya waye. Akwai waɗanda aka haɗa aiki biyu cikin na'ura ɗaya, hayaƙi da guba. Suna da amfani a falo da hanyar shiga ɗakunan kwana, amma ba su dace da ɗakin da ake hura wuta ba, gama ɓangaren hayaƙin zai dami mutane.

Wacce ta dace da wane ɗaki

Babban abin da yake kashe amfanin ƙararrawa shi ne kukan banza. In aka kafa ta hayaƙi a kicin ɗin itace, za ta yi ihu da safe, ta yi da rana, ta yi da yamma. Kafin mako ya cika uwargida ta gaji, an cire batir an sa a tocila. Daga ranar na'urar ta zama ado. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta daɗe tana bayyana cewa wajen kashi 3 cikin 5 na masu mutuwa a gobarar gida a ƙasar, a gidajen da babu ƙararrawa suke mutuwa, ko kuwa akwai amma ba ta aiki. Zaɓen da ya dace da ɗaki shi ne yake sa a bar batir a wurinsa.

Ƙasashen da suke ɗumama ɗaki da murhun itace sun mai da wannan doka. A Ingila, tun 2010 duk wanda ya kafa sabon murhun itace ko kwal a ɗaki dole ya kafa ƙararrawar iskar guba tare da shi. A 2015 aka wajabta wa masu ba da gidajen haya su sa ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa na gida, da ta iskar guba a duk ɗakin da ake ƙona itace ko kwal. A Sikotilan kuwa, daga Fabrairu 2022 ana bukatar kowane gida ya sami ta hayaƙi a falo da hanyar ɗakuna, ta zafi a kicin, ta guba kuma inda akwai murhu. Murhunsu na ƙarfe ne mai ƙofa da bututun fitar da hayaƙi, na Suleja kuwa a buɗe yake. In har masu rufaffen murhu suna bukatar waɗannan, mai buɗaɗɗen kurfoti ya fi su bukata.

Ga yadda tsarin zai zauna a irin gidajen wannan yanki.

Gidan da kicin yake cikin gini ɗaya da ɗakunan kwana: a sa ƙararrawar zafi a kicin, a sa ta hayaƙi mai aiki da haske a hanyar da ta haɗa kicin da ɗakunan kwana da kuma falo, a sa ta iskar guba a ɗakin da ake hura wutar. In da hali, a ƙara ta guba a ɗakin kwanan da ya fi kusa.

Gidan haya mai ɗakuna a jere, inda kowace uwargida take girki a baranda bakin ƙofarta: a nan guba tana bi ta ƙarƙashin ƙofa da ta taga, musamman in an bar kurfoti ya huce a wurin bayan tuwon dare. Ƙararrawar iskar guba a cikin ɗakin kwana ce farko. Ta hayaƙi kuma a ciki, nesa da ƙofa. A irin wannan gida silin yakan zama ɗaya, wutar ɗaki guda tana bi ta sama ta cinye sauran. Saboda haka magana ce ta dukan 'yan haya tare da mai gidan. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Gidan da madafa take waje, a rumfa ko a tsakar gida: buɗaɗɗiyar rumfa ba ta bukatar ƙararrawar guba, domin iska tana kwashewa. Ɗakunan kwana ne suke bukatar ta hayaƙi. In kuwa ana ajiye janareta kusa da taga, ta guba ma ta zama dole, gama hayaƙin janareta gubar nan ce dai, ya kuma hallaka iyalai da dama a Nijeriya cikin dare ɗaya.

Wannan tsari ya shafi gidan fasto, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da ɗakunan da ake sauke baƙi lokacin babban taro, inda zumuntar mata suke dafa abincin ɗaruruwan mutane da itace, wasu kuma su kwana kusa da murhu saboda sanyi. Haka kuma ɗakin maigadi, wanda yakan zama ƙarami, a rufe, da kaskon wuta a ciki.

In kuɗi bai isa a sayi duka a lokaci ɗaya ba, a bi wannan jeri. Gidan da gawayi ko janareta yake kusa da wurin kwana, ta iskar guba ce farko, domin ita ce haɗarin da ba ido ko hanci da zai gane. Ta hayaƙi ta biyo baya. Ta zafi ce ta ƙarshe.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Araha ba ta ado. Kasuwa cike take da na'urori marasa suna waɗanda suke ƙara in an danna maɓalli, amma ba sa jin kome. Danna maɓalli yana nuna batir da ƙaho suna aiki ne, ba ya tabbatar da ingancin abin da yake sansano gubar. Mai saye ya duba waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, lambar ƙa'ida a jikin na'urar kanta, ba a kwali kaɗai ba. Ta hayaƙi: EN 14604 ko UL 217. Ta iskar guba: EN 50291 ko UL 2034. Ta zafi: BS 5446-2. A nemi sunan kamfanin da ya ƙera da takardar bayani a ciki. Hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya, SON, ita ce take da alhakin sa ido kan irin waɗannan kaya da ake shigowa da su, ana kuma iya kai mata ƙarar jabu.

Na biyu, kwanan wata. Kowace ƙararrawa tana da wa'adi. Ta hayaƙi shekara 10 ce daga ranar da aka ƙera ta. Ta iskar guba tsakanin shekara 5 da 10, gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Wadda ba ta da kwanan wata a bayanta, a bar ta. Kada a sayi ta gwanjo, gama mai yiwuwa ne an cire ta daga wani gida a Turai domin wa'adinta ya cika.

Na uku, wutar da take aiki da ita. Inda ake ɗauke lantarki kullum, na'urar da ta dogara da soket kaɗai ba ta da amfani, domin daren da babu wuta shi ne daren kyandir da janareta da kurfoti. A zaɓi mai batir. Mai rufaffen batirin litiyam wanda yake kai shekara 10 ta fi, gama ba wanda zai iya cire shi ya sa a rediyo. Mai batir na yau da kullum kuwa a canja mata sau ɗaya a shekara.

Na huɗu, ƙarfin murya. Ƙa'ida ita ce desibel 85 daga nisan mita 3. A gwada a shago. A babban gida, akwai waɗanda ake haɗawa ba waya, in ɗaya ta yi kuka duka su amsa. Wannan yana da amfani ƙwarai ga ƙararrawar zafi da take can kicin, nesa da kunnen masu barci.

Na biyar, ga ta iskar guba, mai allo da yake nuna lamba ta fi koyarwa. Uwargida za ta ga da idonta yadda lambar take hawa in an rufe taga, ta kuma sauka in an buɗe.

Wurin kafawa

Hayaƙi da zafi sama suke yi, saboda haka ta hayaƙi da ta zafi a silin ake kafa su, kusa da tsakiyar ɗaki, aƙalla santimita 30 daga bango da ƙwan lantarki. Ta hayaƙi ta yi nisan aƙalla mita 3 daga wurin girki. Kada a sa ta kusa da fanka ko bakin taga, inda iska za ta kore hayaƙin, ko ƙofar banɗaki inda tururi zai ruɗe ta.

Akwai abin lura ga ɗakin da ba shi da silin. A watannin Maris da Afrilu kwanon rufi yana yin zafin da hannu ba ya iya taɓawa, yawancin waɗannan na'urori kuwa an yi su ne domin ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba. Kada a manna su a jikin kwano. A kafa su a ƙasan katakon rufi, da tazara tsakaninsu da kwanon.

Iskar guba nauyinta kusan ɗaya ne da na iskar ɗaki, tana gauraya da ita, ɗumin wuta kuma yana ɗaga ta sama da fari. A ɗakin da murhu yake, a kafa ƙararrawar a nisan mita 1 zuwa 3 daga murhun, a bango sama da tsayin ƙofa, ba daidai kan wutar ba inda kunkunniya da maiƙo za su toshe ta. A ɗakin kwana da babu wuta a ciki, a sa ta kusa da tsayin kan mai barci. Kada a ɓoye ta bayan labule ko kabad.

Kulawa

A danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata, a gaban yara, domin kowa ya san muryar. Ƙurar hunturu da ƙananan ƙwari suna shiga ta hayaƙi mai aiki da haske su sa ta kukan banza, saboda haka a riƙa share ramukanta da busasshen buroshi mai laushi, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Kada a wanke ta da ruwa, kada a shafa mata fenti, kada a fesa mata maganin sauro. In tana yin ɗan gajeren ƙara sau ɗaya bayan kowane minti ko makamancin haka, batir ne ya yi sanyi ko wa'adinta ya cika. Iyali su zaɓi rana ɗaya da ba a mantawa, kamar farkon Disamba kafin sanyi ya kankama, ta zama ranar canja batir da duba kwanan wata.

In ƙararrawa ta yi kuka

In ta hayaƙi ce ko ta zafi, kowa ya fita nan da nan, a sunkuye ƙasa inda iska ta fi tsabta, a rufe ƙofa a baya, a taru a wurin da aka riga aka shirya, a ƙirga kawuna. Ba a komawa domin takardu ko kuɗi. A ta da maƙwabta, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Yara ƙanana sau da yawa ba sa farkawa da ƙarar na'ura, saboda haka tun kafin ranar a raba aiki: wane ne zai ɗauki jariri, wane ne zai kama hannun kaka. Mabuɗin ƙofa da na ƙyauren ƙarfe su kasance wuri ɗaya da kowa ya sani, wanda hannu zai iya lalubowa cikin duhu. Ƙarafunan taga da aka sa domin ɓarawo sun sha hana masu gida fita, ya kamata ko taga ɗaya ta zama mai buɗuwa daga ciki.

In ta iskar guba ce, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da kowa zuwa sarari, a fitar da wutar ko a kashe janareta in ana iya yi ba tare da daɗewa a ciki ba. Kada a ce ai ba a ga hayaƙi ba, na'urar ce ta lalace. Duk mai ciwon kai, jiri ko amai a kai shi asibiti, a gaya wa likita a fili cewa an kwana kusa da gawayi ko janareta, domin kada a tsaya neman zazzaɓi. Maganin shi ne oksijin. A iskar sarari jiki yana ɗaukar sa'a 4 zuwa 5 kafin ya rage rabin gubar, da oksijin na asibiti kuwa wajen sa'a ɗaya da ɗan kai. Manja da madara ba sa cire wannan guba daga jini, ɗura su a bakin wanda ya suma kuwa yana iya shaƙe shi. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, suka kuma ji sauƙi da fitarsu waje, a tuhumi iskar ɗakin ko da babu na'ura.

Abin da ƙararrawa ba za ta iya yi ba

Ƙararrawa ba ta kashe wuta, ba ta kuma tsabtace iska. Wanda ya saye ta domin ya sami damar kwana da kurfoti a rufaffen ɗaki bai fahimci aikinta ba, gama batir yana iya mutuwa a daren da aka fi bukatarsa. Dokar ba ta canja ba: ba a kwana da garwashi a ɗaki, ba a tayar da janareta a cikin gida ko baranda ko ƙarƙashin taga. Mai jego da tsoho a ɗumama su da bargo, da rigar sanyi, da hula da safa. In ƙararrawar guba tana yawan kuka a kicin lokacin girki, gaskiya take faɗa: kicin ɗin yana bukatar ƙarin taga ko mafitar hayaƙi a sama, ko a mai da murhun waje.

Akwai kuma cutar da hayaƙi yake yi a hankali, wadda ba na'urar da take yi wa kuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekara ta 2020, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar jiki. Mata da yaran da ake goye da su a bakin murhu su ne suka fi shaƙa. Busasshen itace, da murhu mai rage hayaƙi, da girki a sarari, da nisanta yara daga wuta, su ne maganin wannan.

Tambayoyi domin tattaunawa a iyali

1. A wane wuri ake hura wuta a gidan nan, taku nawa ne kuma daga can zuwa inda ake kwana?

2. Me ya sa gawayin da ya daina hayaƙi bai zama lafiyayye ba?

3. Wace ƙararrawa ce ta dace da kicin, wacce ta dace da ɗakin kwana, me ya sa ba za a musanya su ba?

4. In wuta ta tare ƙofa da tsakar dare, ta ina za a fita, wa zai ɗauki wa?

5. Akwai gwauruwa, ko tsoho, ko maigadi, ko mai jego a unguwa da ake jin yana kwana da kaskon wuta? Wa zai je ya yi masa bayani, ya kuma kai masa bargo kafin sanyin bana?